Fijo, Golf ko Toyota: Yadda Ake Auna Ƙarkon Mota a Kwarin Rima

Da wuya mutum ya zauna a tashar mota ta Birnin Kebbi ko ta Argungu yana jiran mota ta cika, bai ji an tayar da gardamar wace mota ce ta fi ƙarko ba. Dattawan direbobi suna nan kan bakansu cewa tun da aka daina ƙera Peugeot 504, wadda kowa ya sani da Fijo, ba a sake yin mota ba. Matasa su ce zamanin Fijo ya wuce, Golf ta fi ta gudu, ta kuma fi ta ƙarancin shan mai. Ma'aikatan gwamnati da masu sayar da kayan gyara kuwa Toyota suke yi wa kirari. Gardamar ba ta ƙarewa, domin kowa yana kafa hujja ne da motar da ya taɓa riƙewa, ko wadda maigidansa ya riƙe.

Amma batun ya wuce hirar tasha. Manomin da ya tara kuɗin shinkafar rani ta shekara uku don ya sayi a-kori-kura, da malamin makarantar da ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata don ya sayi 'yar motar hawa, in suka yi zaɓen tumun dare, gareji ne zai cinye abin da suka tara. Fasinjan da ya shiga motar haya daga Argungu zuwa Sakkwato kuwa, ransa ya damƙa wa birki da taya da ƙarfen da bai san wanda ya ƙera su ba.

In an lura, tambayoyi uku ne ake cuɗawa wuri ɗaya a cikin wannan gardama. Ta farko ita ce aminci, wato sau nawa mota take lalacewa ta bar mai ita a hanya. Ta biyu ita ce ingancin ƙira, wato irin ƙarfe da roba da ɗinkin da aka yi jikinta da su, da yadda jikin zai kare mutum in an yi karo. Ta uku ita ce yawan ciniki, wato guda nawa aka sayar. Mota tana iya yin fice a ɗaya ta gaza a sauran biyun, kuma kowace tambaya da irin ma'auninta.

Yadda Fijo ta mallaki hanya

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ta kuma ci lambar motar shekara ta Turai a 1969. A Nijeriya an kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, shekarar da Volkswagen ma ya fara nasa aikin a Legas. Manyan motoci kuma aka raba su: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes-Benz a Enugu. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo, daga 1976 zuwa 1979, ta sa manyan jami'anta su koma hawa 504 don rage almubazzaranci. Daga nan ma'aikatu da ƙananan hukumomi da bankuna suka bi sahu, Fijo ta zama motar kwamishina da ta hakimi, ta zama motar asibiti, ta kuma zama motar haya. Ke nan yawan cinikinta ba daga zaɓin masu saye kaɗai ya fito ba, akwai hannun hukuma da harajin da ya kare ta daga motocin waje.

Duk da haka, zalunci ne a ce gata kawai ya ɗaukaka ta. Ƙirarta ta dace da hanyoyin Afirka. Cikinta ya yi nisa da ƙasa, ƙafafunta suna da dogon zangon hawa da sauka a cikin rami, ƙafafun baya ne ke tura ta, abin da ke taimakon mota mai kaya a cikin yashi, sa'an nan sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa baya a rufe take cikin bututun ƙarfe. Injinta mai kafireta ne, bakanike mai sifana da sukundireba zai iya kwance shi a gindin bishiya ya mayar. A 1975 ita ce ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda yayarta 404 ta riga ta lashe sau huɗu a shekarun 1960. An daina ƙera ta a Turai da daɗewa, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000.

Abin da ya karya ta ba a kan hanya ya faru ba. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar Naira ta faɗi, sassan da ake shigowa da su daga Faransa suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashin ma'aikaci. Sai kasuwa ta juya ga motocin da aka riga aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano, saboda ta tashar jiragen ruwan Kwatano yawancinsu ke biyowa. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, tana iyaka da Jamhuriyar Benin da ta Nijar, don haka tana kan hanyar wannan fatauci, har zuwa farkon 2017 da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Ta haka Golf ta uku, wadda aka fara ƙerawa a 1991, da Sharan, da Toyota Carina da Starlet da Hiace suka gaji wurin Fijo a tashoshi.

Akwai wani ƙaramin abin tarihi da ya shafi wannan. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka motocinta masu sitiyari a hagu ne. Japan kuwa sitiyarin dama take amfani da shi. Shi ya sa Toyota da Honda na hannu da ke zuwa Birnin Kebbi galibi daga Amurka da Kanada da Turai suke fitowa, ba daga Japan ba, kuma an daidaita su ne don yanayi da man waɗancan ƙasashe.

Jadawalin rayuwa

Ɗalibin da ya karanta ilmin halittu ya riga ya mallaki kayan aikin auna amincin mota, ko da bai sani ba. A 1693 Edmond Halley, wanda aka sa wa wani tauraro mai wutsiya sunansa, ya ɗauki lissafin haihuwa da mutuwa na birnin Breslau ya tsara jadawalin da ke nuna mutum nawa ne cikin dubu ke kai kowace shekara ta rayuwa. Masana halittu suna yin irin wannan jadawali ga kifi da tsuntsaye da itatuwa. Kifin da ake kamawa a Matan Fada, alal misali, yana zuba dubban ƙwai, mafi yawan 'ya'yan su mutu suna ƙanana, 'yan kaɗan da suka tsira su daɗe. Ɗan Adam a inda akwai asibiti akasin haka yake, yawanci sai tsufa ya zo mutuwa ke yawaita.

Injiniyoyi sun gano cewa na'ura ma tana da matakai uku. A farkon rayuwarta lalacewa tana da ɗan yawa, saboda kurakuran masana'anta a lokacin suke bayyana, kamar wayar da ba a ɗaure da kyau ba. Sai dogon lokaci na ƙuruciya da lalacewa ke raguwa ta zama ta tsautsayi. Sai tsufa, inda roba ke bushewa, ƙarfe ke cinyewa, lalacewa ta riƙa hawa kowace shekara. In aka zana wannan a takarda sai ya yi kama da kwarya, gefe biyu a sama, tsakiya a ƙasa.

Muhimmancin wannan shi ne, alƙaluman da ake yawan kafa hujja da su daga ƙasashen waje, ɓangaren farko da na tsakiya na kwaryar suke aunawa. Kamfanin J.D. Power na Amurka yana tambayar masu sababbin motoci bayan kwana 90, yana kuma tambayar masu motocin da suka shekara uku, ya ƙidaya matsaloli nawa ake samu a kowace mota 100. A rahotonsa na 2024 kan motoci masu shekara uku, Lexus, wadda Toyota ke ƙerawa, ita ce ta zo ta ɗaya, Toyota kuma ta jagoranci motocin talakawa. Wannan shaida ce mai nauyi, kuma mujallar Consumer Reports ta daɗe tana samun sakamako mai kama da shi. Amma a lura da abu biyu. Rukunin ƙorafin da ya fi kowane yawa a cikin waɗanda ake ƙidayawa shi ne na allon rediyo da haɗa waya da mota, abin da bai dami direban Kamba ba. Sa'an nan Peugeot ba ta cikin jerin ko kaɗan, domin ta bar kasuwar Amurka tun 1991. Rashin sunanta ba yabo ba ne, ba kuma suka ba.

Motar da ke isowa kwarin Rima kuwa ta riga ta shiga gefen tsufa na kwaryar. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari sun zo Afirka, Nijeriya kuma tana cikin manyan masu saye. Da yawansu sun haura shekara 15. Yin hukunci kan irin wannan mota da sakamakon 'yar shekara uku, daidai yake da duba lafiyar dattijo da katin asibitinsa na firamare.

Ga wani lissafi da ya kamata kowane ɗalibi ya gwada da kansa. A ɗauka mota tana da sassa 100 waɗanda in ɗaya ya lalace za ta tsaya, kuma kowane sashe yana da tabbacin 999 cikin 1,000 na kai ƙarshen shekara lafiya. Tabbacin motar gaba ɗaya shi ne 0.999 a ninka da kansa sau 100, wato kimanin kashi 90 cikin ɗari. In tabbacin kowane sashe ya sauka zuwa 99 cikin 100, bambancin da ido ba zai gani ba, na motar zai faɗo zuwa kashi 37. Wannan shi ne sirrin masana'antun Japan. Bayan laccocin da Edwards Deming ya yi a can a 1950 kan amfani da ƙididdiga wajen tsare inganci, Toyota ta gina tsarin da kowane lebura ke da ikon jan igiya ya tsayar da layin ƙira in ya ga aibi, ta kuma ci lambar Deming a 1965. Har ila yau kamfanin yana da ɗabi'ar riƙe inji ɗaya shekaru da yawa yana gyara ƙananan kurakuransa, maimakon gaggawar kawo sabo. Lissafin nan kuma shi ne ke bayyana dalilin da ya sa jabun kayan gyara guda biyu ko uku ke iya mayar da motar kirki ta zama ta turi.

Kada a ɗauka daga nan cewa tsohuwar ƙira mai ƙarancin sassa ta fi aminci. Injin da kwamfuta ke auna wa mai ya fi mai kafireta daɗewa bai buƙaci taɓawa ba, ya kuma fi shi tsimin mai. Bambancin yana wajen gyara. Kafireta tana yawan ciwo amma maganinta yana kowane ƙauye, ƙwaƙwalwar mota ba ta cika ciwo ba amma in ta yi sai an nemi mai na'urar bincike. Yawancin yabon da dattawa ke yi wa Fijo, in an tace shi, yabon sauƙin gyara ne.

Abin da kwarin Rima ke yi wa mota

A ilmin halittu ba a cewa wata dabba ta fi wata sai an faɗi inda za su zauna. Raƙumi sarki ne a Azbin, amma a fadamar Argungu cikin Agusta saniya ta fi shi. Haka mota take, kuma wannan yanki yana jarraba ta ta hanyoyi da dama.

Zafi ne kan gaba. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Birnin Kebbi yakan haura digiri 40 a inuwa, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Ɗalibai sun san ƙa'idar nan cewa yawancin sauye-sauyen sinadarai suna ninka saurinsu in zafi ya ƙaru da kimanin digiri 10, ƙa'idar da ta sa nono ke saurin tsami da bazara. Ita ce kuma ke aiki a kan batir da baƙin mai da robobin inji. Batirin da zai yi shekara biyar a Jamus ba zai kai haka a nan ba, ko wane suna ne a goshin motar. Ko a Jamus ɗin ma, ƙungiyar masu motoci ta ADAC ta nuna cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na motocin da ta kai wa ɗauki a hanya a 2023, batir ne ya tsayar da su, kuma kamfanin mota ba shi ke ƙera batir ba.

A kan zafin nan ne ake yin wasu kurakurai biyu da suka zama al'ada. Na farko, zuba ruwan rijiya a lagireto. Ruwan rijiya yana ɗauke da gishirin ƙasa wanda ke daskarewa a cikin ƙananan bututu kamar yadda yake yi a gindin butar shayi, ga kuma tsatsa. Ruwan sanyaya inji na ainihi yana da sinadarin hana tsatsa, kuma tare da murfin lagireto mai riƙe iska yakan kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Na biyu, cire tamostat da zarar mota ta iso, wai don an yi shi ne saboda ƙasar sanyi. Aikinsa shi ne tsare zafin inji a wajen digiri 90, kamar yadda jikin mutum ke tsare nasa a 37. In babu shi inji yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai fiye da kima, a wasu injunan ma wani ɓangare na ruwan sai ya riƙa zagayawa ba ya bi ta lagireto. Injunan zamani masu kan alminiyam, irin na motocin Jamus da na Japan duka, ba su yafe ɗaukar zafi ko sau ɗaya, gaskit ya ƙone, kai ya lanƙwashe.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Inji yana shaƙar iska kimanin lita 9,000 kafin ya ƙone litar fetur ɗaya, kusan abin da mutum ke shaƙa a yini da kwana. Mutum yana da gashin hanci da majina da ƙananan gasu a maƙogwaro masu share ƙura, inji kuwa takardar tace iska kaɗai gare shi. Ƙwayar yashi ta fi yawancin ƙarfen inji tauri, don haka in takardar ta yage, ko aka huda ta don mota ta ƙara jan iska, ƙurar takan gauraya da baƙin mai ta riƙa goge fistin da zobbansa. Motar da ke fitar da shuɗin hayaƙi a kan hanyar Kangiwa sau da yawa labarin ke nan, ba laifin Faransa ko Japan ba.

Damina kuma tana zuwa da nata. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa da gadoji a Jihar Kebbi, ta bar hanyoyi da ramuka. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka in inji ya zuƙe shi, sandar fistin ce ke lanƙwashewa nan take. A nan tsayin mota daga ƙasa da wurin da bakin shaƙar iskarta yake sun fi sunanta muhimmanci, shi ya sa Hilux, wadda aka ɗora jikinta a kan shasi mai kama da tsani, ta fi Golf dacewa da hanyar gona, ko da yake Golf ta fi ta daɗin tafiya a kwalta. Mai ma abin dubawa ne: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol wanda ya lalata motoci a wasu biranen ƙasar nan, na 'yan bumburutu kuwa kullum yana iya zuwa da ruwa ko datti.

Na ƙarshe, lodi. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya ga abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. August Wöhler ya yi nazarinta a kan sandunan ƙafafun jirgin ƙasa a Jamus a ƙarni na 19, ya nuna cewa ƙarin nauyi kaɗan yana rage kwanan ƙarfe da yawa. Motar da aka ƙera don mutum biyar, aka cusa mata bakwai, aka ɗora buhunan shinkafa har but ya ƙi rufuwa, kowane rami tsakanin Argungu da Birnin Kebbi yana cire wani abu daga kwanan sifirin da shokozobanta. Gudu kuma ya fi lodi haɗari, domin ƙarfin da birki zai kashe yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa: mota a kan kilomita 120 tana ɗauke da fiye da ninki biyu na ƙarfin da take da shi a kan 80.

Waɗanda suka tsira ne ake gani

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun duba jiragen da suka dawo daga fagen fama don su ga inda harsashi ya fi samu, su ƙara masa sulke. Masanin lissafi Abraham Wald ya nuna cewa inda ba a ga huda ba shi ne abin tsoro, domin jiragen da aka harba a nan ba su dawo ba balle a duba su. Wanda ya ga Fijo mai shekara 40 tana ɗaukar kaya ran kasuwa ya ce “irin wannan ba ta mutuwa”, ya manta da dubban 'yan'uwanta da aka yanka aka sayar wa 'yan gwangwan. Wadda ta rage ma, a bincika, watakila an canza mata inji sau biyu, giya sau ɗaya. Sunan ne ya daɗe.

Suna kansa yana ruɗi. Sharan da direbobi ke kira Sharon, da Ford Galaxy ta farko, da SEAT Alhambra, mota ɗaya ce daga masana'anta ɗaya a ƙasar Fotugal. Pontiac Vibe, mai sunan Amurka, 'yar'uwar Toyota Matrix ce, injin Toyota ne a cikinta. Bas ɗin J5 ta Peugeot a Italiya aka ƙera ta tare da Fiat Ducato. Mai son sanin asalin mota ya duba lambar shasi mai harufa da lambobi 17: in ta fara da J daga Japan take, W Jamus, VF Faransa, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. Da wannan lamba kuma ake iya binciko ko motar da ta fito daga Amurka ta taɓa yin mummunan haɗari ko ta nutse a ambaliya kafin a yi mata fenti a turo ta.

Kauri ba shi ne kariya ba

Masu saye sukan ƙwanƙwasa ƙofa su ji kaurin ƙarfe, su ce motar da jiki gare ta, ta yanzu gwangwani ce. A nan kimiyya ta saɓa wa kunne. An ƙera gaban motar zamani ne don ya murƙushe da gangan, ya tsawaita lokacin tsayawa, ya shanye ƙarfin karo, yayin da ɗakin fasinja ke nan da ƙarfe mai tsananin ƙarfi. Ƙwai da aka jefa a kan katifa da wanda aka jefa a kan siminti gudunsu ɗaya, lokacin tsayawarsu ne ya bambanta. Ta wannan fuska 504, wadda aka zana tun kafin a fara gwajin karo na Euro NCAP a 1997, ba ta kama ƙafar jikokinta ba.

Sabuwa ma ba lalle ta fi ba. A 2018 ƙungiyar Global NCAP ta gwada a-kori-kurar Nissan NP300 da ake sayarwa sabuwa a Afirka ta Kudu, ba ta sami tauraro ko ɗaya ba wajen kare manya. A 2020 aka haɗa ta karo da Nissan Navara ta hannu ƙirar 2015 daga Turai, ɗakin sabuwar ya ruguje, na tsohuwar ya tsaya. Babu kuma kamfanin da ya tsira daga abin kunya. Toyota ta janye miliyoyin motoci a 2009 da 2010 saboda matsalar totur. A 2015 aka gano Volkswagen ya sa wa motocin dizal kimanin miliyan 11 dabarar yaudarar gwajin hayaƙi. Jakar iska ta kamfanin Takata, wadda Honda da Toyota da wasu da dama suka yi amfani da ita, sinadarinta yana lalacewa da zafi da laima har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe. An janye miliyoyin motoci saboda ita a Amurka, amma wadda aka riga aka turo Afirka ba wanda zai aiko wa mai ita takarda.

Ciniki

A duniya Toyota ce kan gaba tun daga 2020 har 2024. A 2023 rukuninta ya sayar da motoci miliyan 11.2, na Volkswagen miliyan 9.2, Corolla kaɗai kuma ta haura miliyan 50 a 2021 tun fara ta a 1966. Yawan ciniki ba hujjar inganci ba ne kai tsaye, farashi da haraji da bashin banki duk suna ciki. Amma a wuri irin Argungu yawa yana haifar da nasa amfanin. Motar da ta yi yawa, kayan gyaranta sun cika kasuwa, kowane bakanike ya san cikinta, in an tashi sayarwa akwai mai saye, wannan kuma ya sa wasu su ƙara sayenta. Abin da ya ɗaga Fijo jiya shi ne ke ɗaga Corolla da Hiace da Hilux. In aka haɗa wannan da shaidar alƙaluman waje, wanda ya ce Toyota ce mafi ƙarancin kasada ga mai ƙaramin ƙarfi bai yi kuskure ba, musamman bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 ya sa kowace lita ta zama abin lissafi. Sai dai a mota mai shekara 15, yadda masu ita na baya suka riƙe ta ya fi sunan kamfani nauyi, Golf mai tarihi mai kyau ta fi Corolla da ta sha ruwan ambaliya.

Kebbi ba 'yar kallo ba ce a wannan fage. A 2016 an ba da labarin cewa gwamnatinta ta haɗa kai da ta Kaduna da Alhaji Aliko Dangote don neman sayen kamfanin Peugeot na Kaduna. Jelani Aliyu, wanda ya zana samfurin Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ya kuma shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Birnin Kebbi ya karanta zanen gine-gine kafin ya tafi Detroit. A bikin kamun kifi na Maris 2020 hukumar tasa ta shirya jerin gwanon motocin da aka harhaɗa a Nijeriya daga Abuja zuwa Argungu.

Jadawalin rayuwar motocin wannan yanki kuwa aiki ne da ajin babbar sakandare zai iya farawa a zango ɗaya, da izinin shugabannin tasha da na kanikawa. Ɗalibai su zaɓi hanya guda, misali Birnin Kebbi zuwa Argungu, mai kimanin kilomita 50, su rubuta irin kowace mota, da shekarar ƙirarta daga lambar shasi, da sawu nawa take yi a mako, da kwana nawa ta yi a gareji cikin wata uku, da abin da ya lalace, da kuɗin gyara. Kada a kwatanta Golf ta haya da Corolla ta ofis, sai masu aiki iri ɗaya, kuma kowane iri a sami aƙalla 30, domin mota biyu ko uku ba su isa hujja ba. A ware shafi na musamman ga motocin da suka bar hanya gaba ɗaya, da shekarar da suka bari da dalili. Wannan shafi ba a tasha za a cika shi ba, sai an je bayan gareji da wurin masu yankan ƙarfe.